Man Hana Tsufa Mai Tsada: Yadda Mai Saye Zai Gane Ko Ya Cancanci Kuɗinsa

A manyan kantunan Legas, Abuja, Kano da Fatakwal, har da cinikin da ake yi ta wayar hannu, ana sayar da wani irin man shafawa na fuska wanda masu yinsa suke cewa yana hana tsufa. Akan zuba shi cikin 'yar kwalba mai nauyi, a sa mata murfi mai ruwan zinariya, a raɗa mata suna da Faransanci, sa'an nan a yanka mata kuɗin da ya ninka na man shafawa na yau da kullum sau 50 ko fiye. Mata su ne suka fi sayensa, ko da yake maza ma sun fara. Wata da albashinta take saye, wata sai ta kwashi adashi, wata kuma a cikin lefe ake sa mata.

Ba laifi ba ne mutum ya so fatarsa ta yi kyau, ko ya sayi abin da ransa yake so in yana da hali. Abin da ake gudu shi ne ya biya kuɗin alkawarin da ba za a cika masa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma maganar takan yi daidai a wajen tufafi da kayan ɗaki. Amma a wajen man shafawa gwajin masana ya nuna cewa yawan kuɗi ba ya nuna yawan aiki. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai saye hanyar da zai bi ya auna irin wannan mai da kansa, watau ya san aikin da mai zai iya yi wa fata, ya karanta abin da ke jikin kwalba, ya yi lissafi, sa'an nan ya gwada.

1. Yadda fata take tsufa

Fatar ɗan Adam hawa uku ce. Hawan sama siriri ne ƙwarai, a fuska bai wuce kaurin takardar rubutu ba. A can samansa akwai matattun ƙwayoyin halitta da suka jeru kamar tubalan gini, da wani maiƙo da yake riƙe da su kamar yadda kwaɓaɓɓiyar ƙasa take riƙe tubali. Wannan katanga ita ce take hana ruwan jiki ƙafewa, take kuma hana ƙwayoyin cuta shiga. A lokacin ƙuruciya jiki yana sabunta ta kimanin kowane mako 4, amma in shekaru suka ja sai sabuntawar ta riƙa jinkiri.

Hawa na biyu ya fi kauri. A cikinsa ne jijiyoyin jini suke, tare da wasu zaruruwa iri biyu, kolajin da ilastin. Kolajin shi ne yake ba fata ƙarfi da cika, ilastin kuwa shi yake sa ta koma yadda take in an ja ta an saki. Hawa na uku kitse ne, wanda yake zama kamar matashi a ƙarƙashin sauran biyun.

Tamoji, watau layukan nan da suke fitowa a goshi da gefen ido da gefen baki, daga hawa na biyu suke farawa. Bayan mutum ya gama girma, kolajin fatarsa yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara, mace kuma tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada. Wannan tsufa ne na halitta. Akwai kuma tsufan da yake zuwa daga waje, wanda hasken rana da hayaƙin taba suke kawowa ta hanyar tsinka zaruruwan nan. Shaidar haka tana jikin kowane dattijo. A dubi fatar bayan hannunsa, a kwatanta da ta cikin damtsensa wadda riga take rufewa. Shekarunsu ɗaya, amma wadda ta sha rana ta fi yamushewa nesa ba kusa ba.

Baƙar fata tana da wata kariya ta halitta, watau launin da ake kira melanin. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya nuna cewa kariyar da hawan sama na baƙar fata yake bayarwa daga hasken rana mai ƙuna ta kusan ninka ta farar fata sau 4. Saboda haka tamoji yakan yi jinkirin fitowa ga baƙar fata, kuma tsufanta ya fi bayyana ta hanyar baƙaƙen tabo, da rashin daidaiton launi, da sakin kumatu. Ke nan tun kafin a taɓa aljihu ya kamata mai saye ya tambayi kansa ko matsalar da ake tallan maganinta ita ce tasa.

2. Aikin da man shafawa yake yi

Kowane man shafawa, mai tsada da mai araha, babban aikinsa shi ne riƙe ruwa a hawan sama na fata. Abubuwan da ake haɗa shi da su sun kasu gida uku.

Na farko su ne masu jawo ruwa, kamar gilisarin, da yuriya, da asid ɗin hayaluronik. Waɗannan suna tsotso laima su tara ta a saman fata.

Na biyu su ne masu laushi, waɗanda suke cike 'yan tsagar da ke tsakanin tubalan nan, har fata ta yi santsi. Man kaɗanya da man riɗi da man kwakwa suna cikin wannan gida.

Na uku su ne masu rufewa, waɗanda suke shimfiɗa maiƙo a bisa fata don kada ruwan da ke ciki ya tashi. Basilin da kakin zuma da maiƙon gashin tumaki suna cikinsu. Basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, yana rage ƙafewar ruwa daga fata da kimanin kashi 98 cikin 100, kuma likitocin fata suna lissafa shi gaba da sauran masu rufewa, alhali kuwa yana cikin mafi araha.

In fata ta sha ruwa sai ta ɗan kumbura, ƙananan layuka su ɓuya, fuska ta yi sheƙi. Wannan shi ne abin da mai shafawa yake gani a madubi washegari har ya ce man ya karɓe shi. Kamar busasshen dabino ne in an jiƙa shi, yakan cika ya yi sumul, amma in aka bar shi ya sake bushewa sai ya koma yadda yake. Haka nan in aka daina shafa man, cikin 'yan kwanaki layukan za su dawo, domin kolajin da ke can ƙasa bai ƙaru ba.

Yanayin wuri yana da muhimmanci wajen zaɓi. A arewacin ƙasar nan laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, lokacin kaushi da faso da tsagewar leɓe. A irin wannan lokaci mai jawo ruwa shi kaɗai bai isa ba, sai an bi shi da mai rufewa, kuma a shafa da zarar an fito wanka tun jiki bai gama bushewa ba. A kudu kuwa, inda iska take da laima kusan duk shekara, mai ruwa-ruwa marar nauyi ya wadatar, mai kauri ma yana iya kawo ƙuraje ga mai fuska mai maiƙo. Man kaɗanya, wanda Nijeriya take cikin manyan ƙasashen da suke samar da 'ya'yansa, yana cikin abubuwan da kamfanonin Turai suke saye su zuba a man da suke sayarwa da tsada.

3. Abubuwan da gwaji ya tabbatar da amfaninsu

Tun da tamoji daga hawa na biyu yake farawa, duk abin da zai rage shi da gaske lalle ne ya ƙetare katangar nan ta sama. A 2000 wasu likitocin fata biyu a Amsadam ta ƙasar Holan, Bos da Meinardi, suka bayyana wata ƙa'ida, cewa sinadarin da nauyin ƙwayarsa ya wuce 500 a ma'aunin da ake kira dalton da wuya ya ratsa lafiyayyiyar fata. Nauyin ƙwayar kolajin kuwa kimanin 300,000 ne. Don haka kolajin da ake zubawa a cikin mai ba ya isa inda kolajin jiki yake. A sama yake tsayawa ya yi aikin riƙe laima, aikin da gilisarin yake yi da kuɗi kaɗan.

Abubuwan da suke da hujja mai ƙarfi 'yan kaɗan ne. Na gaba a cikinsu shi ne man kariya daga rana. A garin Nambo na ƙasar Ostareliya an bi mutum 903 'yan ƙasa da shekara 55 har tsawon shekara 4 da rabi. Wasu aka umarce su da shafa man kariya kullum, wasu aka bar su su shafa lokacin da suka ga dama. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa tsufan fatar masu shafawa kullum ya yi ƙasa da na ɗaya ɓangaren da kashi 24 cikin 100. Mafi yawan mutanen da aka gwada farar fata ne, amma likitoci suna ba baƙar fata ma shawarar yin amfani da shi, musamman domin rana tana ƙara wa tabo duhu. Ana nuna ƙarfinsa da lambar SPF. Mai lamba 30 yana tare kimanin kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata. Inuwa da malafa da mayafi su ma kariya ne. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu su ne dangin bitamin A. Mafi ƙarfinsu shi ne tiretinoyin, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1971 a matsayin maganin ƙurajen fuska. A 1988 likitocin Jami'ar Mishigan suka nuna cewa yana rage ƙananan layukan da rana ta jawo, kuma a 1995 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a yi amfani da shi don wannan aiki. Magani ne, sai da izinin likita. Ƙaninsa ritinol shi ne ake zubawa a man kwalliya. Bai kai shi ƙarfi ba, kuma sai an yi watanni ana shafawa kafin a ga canji. Dukansu suna iya sa fata ta yi zafi ta riƙa saɓa a makonnin farko. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta iyakance ritinol a man fuska, kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100. Mace mai ciki, ko mai neman ɗaukar ciki, lalle ne ta guji dangin bitamin A na shafawa.

Na uku su ne nayasinamaid, wanda wani nau'in bitamin B3 ne, da bitamin C. Suna taimakawa wajen rage tabo da daidaita launi, ko da yake hujjarsu ba ta kai ta biyun farko ba. Bitamin C da ritinol duka suna lalacewa in haske da iska suna taɓa su, saboda haka kwalba mai faɗin baki wadda ake buɗewa kullum ana tsoma yatsa ba mazubin kirki ba ce gare su, kome kyanta.

Garin zinariya, da ƙwan kifi, da garin lu'ulu'u, da sauran abubuwan da ake ambata don a burge mai saye, ba su da hujja irin ta waɗanda aka lissafa a sama.

4. Tsada da aiki

Mujallar Consumer Reports ta Amurka ba ta karɓar talla, kuma da kuɗinta take sayen kayan da take gwadawa. A farkon 2007 ta buga sakamakon gwajin da ta sa aka yi wa man rage tamoji iri-iri, daga mai dala 19 har zuwa wanda ya haura dala 300. Mata suka yi mako 12 suna shafa man gwaji a gefe ɗaya na fuska, da man shafawa na yau da kullum a ɗaya gefen, aka riƙa auna zurfin layukan da na'ura. Waɗanda suka fi aiki sun rage zurfin da abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba, canjin da da ƙyar ido yake gani. Mafi tsada yana cikin waɗanda suka zo a baya, wanda ya zo na ɗaya kuwa yana cikin masu sauƙin kuɗi.

To, ina kuɗin yake tafiya? Rahoton shekara na L'Oréal, kamfanin kayan kwalliya mafi girma a duniya, ya nuna cewa a 2023 ya kashe kimanin kashi 32 cikin 100 na kuɗin cinikinsa a kan talla da neman kasuwa, ya kashe kimanin kashi 3 a kan bincike. A kan wannan sai a ɗora kuɗin kwalba da kwali, da hayar kanti, da kuɗin fito, da ribar kowane hannu da kayan suka bi kafin su iso ga mai saye.

Har ila yau, tsada da kanta tana iya ruɗin zuciya. A 2008 masu bincike a Amurka suka ba mutum 82 wata ƙwaya wadda babu magani ko kaɗan a cikinta, suka ce musu ta kashe zafin ciwo ce. Rabinsu aka gaya musu kuɗinta dala 2 da rabi, sauran aka ce musu an karya ta ta koma santi 10. Da aka gwada su da ɗan jan wutar lantarki, kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka sha mai tsadar suka ce zafin ya ragu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 61 ne. Ƙwayar ɗaya ce. Wanda ya zuba kuɗi mai yawa a kan mai, ransa yana so ya ga canji, kuma sau da yawa sai ya gani.

5. Karanta jikin kwalba

Gaban kwalba na talla ne, bayanta kuwa nan ne ake jera abubuwan da aka haɗa man da su. A dokar Amurka da ta Tarayyar Turai, inda yawancin irin wannan mai yake fitowa, dole ne a fara da wanda ya fi yawa a gangaro zuwa wanda ya fi ƙanƙanta, sai an zo kan waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, su ne aka yarda a jera yadda aka ga dama. Don haka sunaye 5 ko 6 na farko su ne ainihin man. Mai saye zai tarar ana rubuta ruwa da sunan Aqua, basilin da sunan Petrolatum, turare kuma da sunan Parfum. In abin da aka yi ta kuranta shi a gaban kwalba ya faɗo can ƙarshen jeri bayan turare, to, ɗan ƙyas aka zuba.

Ga misali na zahiri. Crème de la Mer, wanda kamfanin Estée Lauder ya mallaka tun 1995, yana cikin man fuska mafi suna a wajen masu hali. A 2024 kuɗin 'yar kwalbarsa mai mililita 30 ya kai wajen dala 200 a Amurka. A shekarar dala ɗaya ta haura Naira 1,500, watau kwalbar ta tasar wa Naira 300,000, fiye da albashin wata 4 na ma'aikacin da yake karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka kafa a Yulin 2024. Jerin kayan haɗinsa ya fara da ruwan ciyawar teku, sai tataccen farin mai na ma'adini, sai basilin, sai gilisarin, daga baya kuma wani irin kaki da maiƙon gashin tumaki. Farin man nan, da gilisarin, da kakin, da maiƙon tumakin, duk suna cikin sahun farko na kayan haɗin Nivea Creme mai shuɗin gwangwani, wanda aka fara yi a Hambog ta Jamus a 1911.

Wannan ba ya nufin su biyun abu ɗaya ne. Awon haɗinsu ya bambanta, ƙamshinsu da laushinsu ma haka, kuma masu Crème de la Mer suna cewa sirrinsu yana cikin yadda suke tsima ciyawar tekun har tsawon watanni. Abin lura dai shi ne, aikin riƙe ruwa a cikin su biyun ya dogara a kan kaya iri ɗaya, masu sauƙin kuɗi. Ragowar kuɗin kuwa, mai saye ne zai yanke wa kansa ko suna da ƙamshi sun isa a biya musu shi.

6. Maganar talla

A dokar Amurka ta 1938, duk abin da aka ce yana canza ginin jiki ko aikinsa magani ne, kuma sai an kawo hujjar gwaji kafin a sayar da shi. Kayan kwalliya kuwa ba sa bukatar amincewar FDA kafin su shiga kasuwa. Wannan ne ya sa masu talla suke auna kalmominsu. Ba sa cewa man yana kawar da tamoji, sai su ce yana rage bayyanarsa, ko yana sa fata ta yi kamar ta yarinya. Duk man da ya riƙe ruwa ya cika wannan alkawari.

In talla ta ce mata 9 cikin 10 sun ga canji, a nemi ƙananan rubutun da ke ƙasa. Mata nawa aka tambaya? Da na'ura aka auna, ko ra'ayinsu kawai aka ji bayan an ba su man kyauta? An kwatanta shi da mai na yau da kullum? Wa ya biya kuɗin gwajin?

Hukumomi sun sha tsawatar wa manyan kamfanoni a kan wuce gona da iri. A 2011 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana nuna wani tallan Lancôme mai ɗauke da hoton 'yar fim Julia Roberts, domin an gyara hoton da kwamfuta. A 2014 Hukumar Ciniki ta Amurka, FTC, ta tuhumi L'Oréal da cewa ba shi da hujjar iƙirarin da ya yi na cewa man Génifique yana zaburar da ƙwayoyin gado, aka sasanta a kan kamfanin ba zai sake irin wannan iƙirari ba sai da hujja.

7. Lissafi

Kada a kwatanta kwalba da kwalba, a kwatanta mililita da mililita. Alal misali, a ce ga mai na Naira 60,000 a kwalba mai mililita 50, ga wani na Naira 8,000 a roba mai mililita 400. Na farko kowace mililita ta tashi a kan Naira 1,200, na biyu a kan Naira 20, watau ninki 60. In mutum yana shafa mililita 1 a rana, na farko zai ci masa Naira 438,000 a shekara, na biyu Naira 7,300.

Lissafin shekara ya zama dole, domin amfanin man shafawa yana tsayawa ne ranar da aka daina shafa shi. Wanda ya sayi mai tsada sau ɗaya ya riƙa lakatar ɗan kaɗan don kada ya ƙare, ya yi hasara biyu, kuɗi ya tafi, fata kuma ba ta samu abin da zai ishe ta ba.

8. Abin da ya fi hasarar kuɗi muni

Akwai man da ake sayarwa da sunan sabunta fata ko hana tsufa, alhali man bilicin ne. Akan ɓoye zaiba a cikinsa, ko haidirokwinon mai yawa, ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma cutar da ɗan da ke ciki. A 2023 ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Minamata suka amince a hana zuba ta a kayan kwalliya ɗungum daga 2025. Haidirokwinon in an daɗe ana shafawa yana kawo wani baƙin tabo mai wuyar magani. Sitiroyid kuwa yana sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa. Dukansu suna rage melanin, watau suna kwashe kariyar da take jinkirta wa baƙar fata tsufa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Saboda haka a guji duk man da ba shi da jerin kayan haɗi, ko sunan kamfani da adireshinsa, ko ranar lalacewa, ko lambar rajistar NAFDAC, haka nan wanda aka haɗa a gida aka ɗura a roba, da wanda yake haska fata cikin 'yan kwanaki. A tuna kuma lambar NAFDAC shaidar rajista ce, ba alkawarin kawar da tamoji ba ce. Mai suna kuwa shi aka fi yi wa jabu, in an ga ana ba da shi a rabin kuɗinsa sai a yi hattara. A riƙa karɓar rasit, domin wanda aka cuta yana iya kai ƙara ga NAFDAC ko ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

9. Inda ƙarin kuɗi yake da dalili

Akwai wuraren da ɗan ƙari ya dace. Mai wanda aka rubuta awon ritinol ko nayasinamaid da ke cikinsa, aka kuma zuba shi a mazubi mai famfo wanda haske ba ya ratsawa, ya fi wanda ya ɓoye awonsa. Man kariya daga rana wanda ba ya barin farin toka a baƙar fata yakan ɗan fi tsada, amma shi ne mutum zai jure shafawa kullum. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi yana bukatar wanda ba turare a ciki. Duk waɗannan ana samunsu a matsakaicin farashi a kantunan magani. Wanda kuma tabo ko tamoji ya dame shi ƙwarai, ganin likitan fata ya fi masa sayen kwalba bayan kwalba.

Kafin a shafa sabon mai a fuska, a gwada shi a cikin damtse safe da yamma har kwana 7 zuwa 10. In babu ƙaiƙayi ko ƙuraje, sai a yi gwajin da masana suke yi. A ɗauki hoton fuska a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, a shafa mai tsadar a gefen dama, mai araha a gefen hagu, kada a ƙara wani sabon abu har mako 12. Sa'an nan a sake ɗaukar hoto, a nuna wa wanda bai san gefen da aka shafa wa wanne ba. In ya kasa bambancewa, an samu amsa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Tambayoyin bita

1. A wane hawa na fata tamoji yake farawa, kuma a wane hawa man shafawa yake aikinsa?
2. Mene ne gidaje uku na kayan haɗin man shafawa? A kawo misali ɗaya na kowanne.
3. Me ya sa kolajin da ke cikin kwalba ba ya ƙara kolajin jiki?
4. Su wa ya kamata su guji dangin bitamin A na shafawa?
5. Mai na Naira 45,000 a kwalba mai mililita 30, nawa zai ci a shekara in ana shafa mililita 1 a rana?
6. Waɗanne abubuwa huɗu ne ya wajaba a gani a jikin kwalba kafin a biya kuɗi?